Zanen Lakwaja na falo: na mai, na ruwa, ko bugun inji?

Bazazzagi ba ya rasa dalilin rataye Lakwaja a bangonsa. Can Turawa suka kai Sarki Aliyu Ɗansidi bayan sun tuɓe shi a 1920, can kuma Allah ya yi masa rasuwa. Masu zane dai ruwa suke bi, wato mahaɗar Kwara da Binuwai.

Yawancinsu daga saman Dutsen Patti suke hango garin, rufin kwano duk tsatsa, ga kogunan biyu shimfiɗe. Wasu sukan sauko bakin gaɓa, su zana kwalekwale da masunta da mata masu tallan kifi. Kafin ciniki, ka tuna wa zai zauna a falon. Akwai dattijan da ba sa son hoton mai rai inda ake salla. In gidanku haka yake, ɗauki na saman dutse, babu fuska ko ɗaya.

Fentin mai a kan ƙyalle ya fi tsada, shi ne kuma mai jure Zariya. Ƙurar hunturu ta sauka, ka kakkaɓe da busasshen tsumma mai laushi, shi ke nan. Amma juya bayansa ka duba katakon, in ɗanye ne sai ya karkace kafin damina ta fita. Fentin ruwa ya fi kama hazon asuba a kan kogi, ni kam shi ya fi kwanta mini, sai dai takarda ce. Gilashi dole, kuma ban da bangon da ke danshi a Agusta.

Bugun inji araha ne. Na taɓa sayen guda na rataye kusa da taga, shekara ba ta zagayo ba kogin ya koma kalar koko.

Wurin nema kuwa Samaru ne. Zane a garin nan tsohon gado ne, a Zariya su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, yau kuma ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suna da aikin sayarwa da sauƙin kuɗi. Ka tambayi mai zanen kai tsaye: "Malam, ka taɓa taka Lakwaja?" Wanda bai je ba yakan shafe ruwan da shuɗi bai ɗaya. Wanda ya je, ruwansa gurɓatacce ne kalar ƙasa, in kuma rani ya zana za ka ga tsibirin yashi a tsakiyar kogi.