Yaya, ga amsar maganar maganin rage ƙiba da kika ce in aiko miki

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya ƙafar Hajiya? Na saurari saƙonki har sau uku kafin in zauna in rubuto, don maganar tana da tsawo kuma bana so ki ɗauka rowa nake miki. Kin ce kin ga hotona na sallah na ɗan faɗa, in sako miki irin ƙwayar da nake sha cikin kayan da za a kawo. Bari in faɗa miki yadda abin yake a nan Amurka tukunna.

Kin san a 2019 aka min aikin nan da suke kira silib, wanda ake yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin mutum a bar masa ɗan siriri kamar ayaba. Na shiga da kilo 128, cikin shekara ɗaya da rabi na dawo 84, gwiwata ta daina ciwo, ina sallah a tsaye ba kujera. Abin da ban faɗa wa kowa a gida ba shi ne daga 2022 nauyin ya fara dawowa a hankali. Aikin dare nake yi wajen kula da tsofaffi, misalin ƙarfe uku in zauna a ɗan kicin ɗinsu in haɗa shayi da madara mai kauri in jawo biskit, kuma shi ruwa-ruwa da abu mai narkewa ba ya tsayawa a ɗan cikin, wucewa yake kamar ba a yi aiki ba, ga sanyin nan na wata huɗu da ba ka iya taka ƙafa waje, daga mota sai ɗaki. Ranar da na hau sikeli na ga 99 wallahi a banɗaki na zauna na yi kuka, na yi wata biyar ina jin kunyar komawa wajen likitan da ta min aikin.

Da na koma ba ta yi min faɗa ba ko kaɗan. Ta ce hakan na faruwa da mutane da yawa bayan 'yan shekaru, ciki yana ɗan buɗewa, yunwa tana dawowa, jiki kuma yana ta kokawar komawa inda ya saba. Amma kafin ta rubuta min ko ƙwaya ɗaya sai da aka ɗebi jinina aka duba suga da ƙarfin jini da bitamin B12 da maƙoƙo, aka auna bugun zuciya, aka haɗa ni da mai ba da shawarar abinci wadda ta sa na rubuta duk abin da ya shiga bakina na sati biyu, har ruwa.

Ƙwayar sunanta phentermine, tsohon magani ne tun 1959 aka amince da shi a nan, yana kashe sha'awar abinci. Ba shi da tsada, kuɗinsa na wata bai kai na cefanen kwana biyu ba. Amma samunsa fa ba kamar kemis ɗin bakin layinmu ba ne da za ki aiki yaro da sunan magani a takarda ya dawo da shi a leda. Yana cikin magungunan da gwamnati ta sa wa ido, likita ce take tura takardar ta kwamfuta kai tsaye zuwa famasi, in na je sai na nuna katin shaida, a ƙirgo min guda 30 cif da sunana a jikin kwalbar, kuma ba ta sake rubutawa sai na je ta auna jinina. Rabin ƙwaya ta fara ba ni da safe. Satin farko bakina ya bushe ƙamas, in na dawo aiki na kwanta idona biyu, zuciyata na bugawa ina jin ta a kunne. Da azumin 2024 ya matso ita da kanta ta ce in ajiye shi, don wanda aka yanke wa ciki dama ba ya iya kwankwaɗar ruwa da yawa lokaci ɗaya, balle ga ƙwaya mai busar da baki.

Bayan sallah ta ƙara min wata, topiramate, asalinta maganin farfaɗiya da ciwon kai ne. Kafin ta ba ni sai da ta sa aka min gwajin ciki, ta kalle ni ido cikin ido ta ce in dai akwai niyyar haihuwa babu wannan maganar, don yana iya sa a haifi yaro da tsagewar leɓe ko ganɗa. Yatsuna sun riƙa yin tsiki-tsiki, wani lokacin ina magana kalma ta ɓace min. Da su biyun da gyaran cin abincin dare na sauke kilo 8 cikin wata bakwai, abin da kika gani a hoto kenan.

To Yaya ke da kike shan maganin hawan jini tun haihuwar auta, kuma kika ce min kuna neman ƙari, ta yaya zan ɗauki waɗannan in cusa a cikin atamfa in aiko miki? In wani abu ya same ki da wane ido zan kalli Hajiya. Kuma doka ma ta hana in ba wani maganin da aka rubuta da sunana.

Allurar da kike gani ana ta zancenta a Facebook kuwa, Wegovy da Zepbound, su ne likitar ta fi so ta ba ni tun farko, sau ɗaya a sati ake yi. Anan ne na ga ɗaya fuskar ƙasar nan. Kamfanin inshorarmu ya ce ba ya biyan maganin rage ƙiba, alhali su ne suka biya kuɗin tiyatar gaba ɗaya! Likita ta rubuta musu wasiƙa sau biyu, na yi ta zama a waya ana sa min kiɗa ana miƙa ni daga wannan zuwa wancan, ƙarshe dai a'a. Da na tambayi farashin Wegovy a famasi a lokacin aka ce dala 1,349 na wata ɗaya, kusan naira miliyan 2 kenan a canjin 2024. Na juya na fito. Ganin likita ma a nan sai an ba ki rana, wani lokacin sati shida gaba, ke kuwa in kina da kuɗin kati yau ɗin nan za ki ga likita a Kano. Wannan kam kun fi mu.

Abin da yake tayar min da hankali da gida shi ne komai a buɗe yake babu mai tambaya. Da can sha-ka-fashe 'yan mata ke nema don su yi jiki, yanzu kuma shayin rage tumbi ya cika waya, kowa da nata haɗin ba suna ba lambar NAFDAC. Akwai wani magani sibutramine da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma an sha kama shi a ɓoye cikin irin waɗannan shayin da ake cewa na ganye ne zalla. Allurar ma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an samu jabun Ozempic, 'yar'uwar Wegovy, a Birtaniya da Barazil da nan Amurka. Kuma abu ne na firji, ki tuna zafin watan Afrilu da yadda wuta take a unguwarmu, sannan wani ya ce ya ajiye miki a shago.

Ga abin da zan iya. Zan turo kuɗi ƙarshen wata, ki je asibitin Malam Aminu Kano ki yanki kati, ki ce a duba miki suga da maƙoƙo da ƙoda, ki tafi da kwalin maganin jininki su gani. In likita ya rubuta wani abu ki ɗauki hoton takardar ki turo min, ni zan biya. A cikin kayan kuma na sa miki na'urar awon jini ta hannu da sikeli da takalmin tafiya lamba 40, na Hajiya man zafin ne guda biyu a leda mai shuɗi, kar yara su buɗe. Ki kira ni ran Lahadi bayan la'asar ɗinku, lokacin na tashi daga barci.