PDB-REDO da maganar inda za a yanke rezolushan, ga abin da na gani

Duk wanda ke aikin gano tsarin furotin da hasken X-ray a yankin nan namu, ko Birnin Kebbi kake ko Aliero ko Gusau, shawarata ka gwada PDB-REDO kafin ka yanke datarka. Saba (server) ce a intanet mai sake gyara samfurin tsarin furotin, ƙungiyar Robbie Joosten da Anastassis Perrakis ke kula da ita a cibiyar binciken cutar kansa da ke Amsterdam ƙasar Holan, kuma kyauta ce ga masu binciken jami'a, rajista kawai za ka yi. Tana ayyuka da yawa, amma ni abu guda ya kai ni wurinta, wato a ina zan tsaida rezolushan (iyakar ƙananan bayanan da datar ke nunawa, ana auna shi da angstrom, ƙaramar lamba ta fi kyau), wane zobe na waje na ɗigon da hasken ke bari a kan ditekta zan riƙe wane zan bari.

Mu dai ba mu da sinkurotoron, wato babbar na'urar da ke samar da hasken X-ray mai ƙarfi, a Afirka gaba ɗaya, abokan aikinmu ne sunka ɗaukar mana data a sinkurotoron Diamond kusa da Oxford can Ingila sunka turo mana fayil. Ɗalibina na mastas ya buɗe teburin da AIMLESS, manhajar daidaita awon data (sikelin) da haɗa shi, ya fitar, ya sa yatsa kan layin ƙarshe ya ce Malam, Rmerge ya wuce kashi 100 a nan, I/sigma kuma ko 1 bai kai ba, ai wannan shara ce mu yanke a 2.2. Rmerge ma'aunin saɓani ne tsakanin awon ɗigo guda da anka maimaita, I/sigma kuma ƙarfin ɗigo ne a kan kuskuren awonshi. Ban ga laifinshi ba don haka anka koyar da mu duka, wai I/sigma ya kai 2, Rmerge kar ya wuce 0.6 ko kusa da haka, sai ka ja layi ka huta. Matsalar Rmerge tun 1997 Diederichs da Karplus sunka nuna ta: duk yadda ka ƙara auna ɗigo guda sau da yawa sai lambar ta ƙara hawa, alhali datar ƙara kyau take yi. To yaya za ka dogara da ma'aunin da ke hukunta ka don ka yi aiki mai kyau? A 2012 su biyun nan dai sunka kawo CC1/2 a mujallar Science, a raba awon kowane ɗigo gida biyu ba tare da zaɓe ba, a duba yadda rabin nan ya yi daidai da wancan, kuma sun nuna da wata data da tsohuwar ƙa'ida za ta yanke a 1.8 cewa har zuwa 1.42 akwai abin amfani a ciki.

Kuma ba ƙaramin abu ake zubarwa ba fa. Yawan ɗigon da kake samu yana ƙaruwa ne da kiyub na bambancin, wato (2.2 ÷ 1.9) a ninka da kanshi sau uku, idan ka tashi daga 2.2 zuwa 1.9 ka ƙara sama da rabin abin da ke hannunka. Kamar mai sheƙar shinkafa ne cikin iska mai ƙarfi, ƙaiƙayi na tafiya amma tsaba na bin shi, kuma mu da sai an yi wata da watanni kafin a samu kiristal guda mai kyau a aika waje, wallahi ba mu da tsabar zubarwa.

Amma CC1/2 ma ba ya gama magana shi kaɗai. AIMLESS na nuna maka inda ya sauka 0.3, manhajar sarrafa data ta XDS kuma na sa tauraro gefen lambar idan har akwai sigina na gaske a zoben, wani lokaci har ƙasa da 0.2, sai ka tsaya tsakanin biyu ba ka san na ɗauka ba. Nan ne PDB-REDO ta burge ni, don ita samfurin take tambaya. Za ta gyara samfurinka da data zuwa tsohon layin, ta sake gyara shi da ƙarin zobe guda, sannan ta auna duka biyun a kan tsohon layin nan dai, idan Rfree (ma'aunin saɓanin samfuri da ɗigon da anka ware ba a yi gyara da su ba) da sauran ma'aunanta sun gyaru to ƙarin datar ya taimaka sai ta matsa gaba, idan ba su gyaru ba ta tsaya. Wannan shi ne gwajin gyara bibbiyu (paired refinement). A kula da wanga wuri sosai don nan mutane ke ruɗewa, ba a kwatanta Rfree na 2.2 da Rfree na 1.9 kai tsaye, dole na biyun ya fi girma tunda ka shigo da raunanan ɗigo, wannan ba ya nufin samfurin ya lalace.

Fayil biyu munka ɗora, na data (MTZ) da na samfurin, da ɗan fayil na ligan ɗinmu, wato ƙaramin sinadarin da ke manne da furotin. Dukansu 'yan megabait ne, datar waya ta isa, ba irin ɗanyen hotunan ditekta ba da ke cin gigabait da yawa. Abin da ya fi min daɗi shi ne aikin a kwamfutarsu yake gudana ba a tawa ba. Wanda ya taɓa barin manhajar gyara samfuri ta REFMAC na gudu a laftof cikin zafin watan Afrilu a Birnin Kebbi, fanka na kuka ƙasan na'ura ya yi zafi ba ka iya taɓawa, sannan a ɗauke wuta batir ya mutu ana tsakiyar zagaye, ya san darajar wannan. Ka ɗora, ka rufe laftof, ka je ka yi sallah ka ci abinci, in ka dawo ka duba.

Namu ta tsaya a 1.9. Da munka buɗe taswirar elektron a Coot, manhajar duba samfuri, bambancin ba wai na ban mamaki ba ne, kar wani ya sa ran haka, amma ruwan da ke kusa da ligan da a da suke dunƙule sun rabu ɗaya-ɗaya, akwai kuma wani reshen lysine da yanzu ake ganin inda ya nufa. Tana ba da fayil da ke kai ka kowane wurin da ta canza a Coot, ta juya peptide ko ta cire ruwa, kuma ina roƙon ɗalibai ku bi su ɗaya bayan ɗaya da idonku, na'ura ba ta san kimiyyar furotin ɗinka kamar kai ba.

Akwai sharuɗɗa da in ba ka kiyaye ba aikin banza ne. Ka ba ta datar da ba a yanke ba, in ka riga ka yanke a 2.2 tun wurin sikelin ba ta da inda za ta samo sauran. Samfurin da za ka ɗora kuma ya zama bai taɓa ganin zoben waje ba, kuma ɗigon Rfree ɗinka, kashi 5 ɗin nan da aka saba warewa, su zama su ne dai na farko an faɗaɗa su kawai, kar ka zaɓi sababbi.

Inda nake ganin ba ta wadatar ba shi ne haɗaɗɗiyar data take aiki da ita, wadda anka riga anka haɗe awon kowane ɗigo ya zama guda, don haka CC1/2 na kowane zobe sai ka koma teburinka na sikelin ka duba da kanka. Mai son ganin komai wuri guda ya gwada PAIREF da masu bincike na ƙasar Cek sunka fitar a 2020, shi yana karɓar datar da ba a haɗa ba kuma kai ke zaɓar faɗin zobe, sai dai in a kwamfutarka za ka gudanar da shi, mun dawo maganar wuta ke nan. Haka kuma idan kiristal ɗinka ya fi haskawa ta wata fuska, misali 1.9 ta nan 2.6 ta can, layi guda ba zai yi maka adalci ba ko wa ya ja shi, STARANISO na kamfanin Global Phasing da ke Cambridge ya fi dacewa da wannan. A duba zoben da ƙanƙarar da ta daskare jikin kiristal ke haifarwa ma, wajen 3.9 da 3.7 da 2.25 da 1.9, in zoben da kake gwadawa ya faɗa kan ɗayansu sakamakon zai iya ruɗa ka.

Har yanzu akwai masu duba takarda a wasu mujallu da in sunka ga I/sigma ƙasa da 1 sai su ce a yanke. Ni abin da nake yi, ina sa CC1/2 na zoben ƙarshe a tebur, in faɗi rezolushan da I/sigma ya sauka 2 don mai son tsohon ma'auni, in rubuta cewa gwajin gyara bibbiyu ne ya zaɓi layin. Ga masu aika kiristal waje kuma, ku roƙi mai ɗaukar muku data ya matso da ditekta kusa fiye da inda idonshi ya daina ganin ɗigo, don abin da bai faɗa kan ditekta ba, PDB-REDO ba ta da yadda za ta gwada shi.