Gudun safe ko ɗaga ƙarfe mai nauyi?

Malam, ka ce shekarunka 45, kullum bayan sallar asuba kana sassarfa ta kusan rabin awa, amma ɗanka ya dage cewa ɗaga ƙarfe mai nauyi ya fi amfani, kana kuma son sanin wanda za ka riƙe. A ganina ba kishiyoyi ba ne, domin kowanne da gonar da yake nomawa.

Sassarfa aikinta yana kan zuciya da huhu. Tana ƙara juriya, tana taimakawa wajen sauke hawan jini, kuma ba ta buƙatar komai sai takalmi. Inda ta gaza shi ne gina tsoka, musamman ta ƙirji da baya da damatsa.

Ɗaga nauyi mai tsanani kuwa salonsa daban ne. Mutum yakan zaɓi nauyin da ba zai iya ɗagawa fiye da sau 8 zuwa 12 ba, ya ɗaga a natse har tsokar ta kusa gazawa, sannan ya bar ta ta huta kamar kwana biyu, domin a lokacin hutun ne take ginuwa. Wani Ba'amurke, Arthur Jones, ya yayata wannan salo a shekarun 1970. Abin da ya sa nake ganin ɗanka yana da gaskiya shi ne, daga shekara 30 tsoka takan fara raguwa sannu a hankali idan ba a ɗora mata aiki ba, shi ya sa za ka ga dattijo mai yawan tafiya a ƙafa, amma tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Tsoka ce kuma take kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, ƙashi ma yana ƙara ƙwari idan ana ɗora masa nauyi.

Sai dai yana da nasa haɗarin. Riƙe numfashi yayin yunƙuri yana cilla jini sama nan take, don haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. Ba na kuma ba ka shawarar ƙarfen nan na samarin unguwa, mai gwangwanin siminti a kowane gefe, wanda ba wanda ya san nauyinsa, sau da yawa ma gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, kana iya rage ruwan daidai ƙarfinka.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta haɗa su biyun: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aƙalla kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Da ni ne kai, sai in ci gaba da sassarfar kwana biyar, in ware Litinin da Alhamis don ɗaga nauyi, in fara da rabin jarka. Tsamin jikin da za ka ji bayan kwana ɗaya ko biyu ba rauni ba ne, amma zafi mai suka a gaɓa ko a ƙugu alama ce ta a ajiye nauyin.