Jagorancin tawagar PUBG da shugabancin ƙungiyar Clash of Clans: ina ake tsanantawa, ina ake sassautawa?

Ɗan'uwa, na ga tambayar da ka ajiye a gurup. Ka ce an damƙa maka shugabancin ƙungiyarku ta wasan waya na Clash of Clans, da dare kuma kai ne mai ba da umarni a tawagarku ta mutum huɗu a wasan harbi na PUBG Mobile, amma a duka biyun mutane sai zamewa suke yi. Kana tambaya ko sanyin hannunka ne ya jawo, ko dai ka ƙara zafi. Amsata ita ce ka ƙara tsauri a Clash, ka rage zafi a PUBG. Yawancin shugabannin da nake gani akasin haka suke yi: a makirfo su yi ta ɓaɓatu a kan mutum uku da ke ƙoƙari, a ƙungiya kuma kunya ta hana su taɓa wanda ya kwana bai kai hari ba. Ayyuka biyu ne daban, kuma tsarin kowane wasa ne ya sa suka bambanta.

Fara da lokaci. A PUBG, a taswirar Erangel, mutum 100 ake zubarwa a fili mai faɗin kilomita 8 ta kowane gefe, kuma cikin kusan rabin awa an gama komai. Da'irar da dole a zauna cikinta don a tsira na matsewa, ba ta jiran kowa. Shawarar da za ta raya ku ko ta kashe ku, daƙiƙa biyar gare ka ka yanke ta. Clash kuwa, tun da kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya shigo da yaƙin ƙungiyoyi a 2014, tsarinsa na kwana biyu ne: kusan yini guda na shiri, sannan awa 24 na yaƙi, kowa da hari biyu. Mutanenka ba sa tare da kai a lokaci guda. Wani yana kasuwa, wani yana aji, wani wayarsa na wurin mai caji. Ba muryarka ke tafiyar da su ba, abin da ka shimfiɗa tun kafin a fara shi ke tafiyar da su.

To a PUBG mene ne aikin jagora? Ba lalle ne ya fi kowa iya harbi ba, sau da yawa ma gara kada ya zama shi. Gwanin harbi idonsa na kan mutum ɗaya da ke gabansa, jagora kuwa rabin hankalinsa na kan taswira. Tun jirgi bai gama ratsa tsibirin ba ya kamata ya ce ga inda za a sauka, kuma ya faɗa sau ɗaya. In garin Pochinki ne, inda 'yan wasa ke cunkoso, kowa ya san an zaɓi faɗa tun daga farko. In gefen gari ne mai shiru, an zaɓi tara kaya da nisan kwana. Duka biyun ana cin wasa da su. Abin da ba a ci da shi shi ne mutum biyu su dira Pochinki, ɗaya ya nufi makaranta, na huɗu yana sama yana tambayar ina aka ce.

Ɗauki misalin da duk mai buga Erangel ya sani. Kuna babban yankin, da'ira ta faɗa tsibirin Sosnovka inda sansanin soja yake. Gadoji biyu ne kacal, kuma kowa ya san ana tare su, a gindaya motoci a zauna ana jiran masu zuwa a makare. Zaɓi uku ne a gabanka: ku ɗauki mota ku haye tun da wuri kafin a tare, ku gangara gaɓa ku nemi kwalekwale, ko ku tsaya ku ma ku tare wasu. A nan ake gane jagora. Wanda ya ce "mota, yanzu, gadar yamma, kada kowa ya sauka" ya fi wanda ya tsaya yana tambayar kowa ra'ayinsa, ko da shawarar tasa ba ita ce mafi kyau ba. Mutum huɗu a kan matsakaiciyar shawara sun fi mutum huɗu a kan shawarwari huɗu masu kyau. Wannan shi ne iyakar inda kama-karya ke da amfani a wasan, kuma ka lura, gajartar magana ake so, ba ɗaga murya ba.

Maganar ma tana da tsari. "Ga shi can! Ga shi can!" ba bayani ba ne. A saman allo akwai ma'aunin kusurwa mai lambobi, don haka ake cewa "mutum biyu, 240, bayan dutse, ɗaya ya ji rauni". Ka koya wa tawagarka wannan, kai ma ka riƙe shi, za ka ga hayaniya ta ragu da kanta, don yawancin ihun da ake yi a makirfo ruɗewa ce ta rashin sanin abin da za a faɗa.

Inda zafi ke ɓata komai shi ne bayan an kayar da ɗayanku. Yana rarrafe, jininsa na sauka, kai kuma ka buɗe baki da "wa ya ce ka leƙa?". A wannan lokacin abin da ake buƙata daga gare ka uku ne: wa zai jefa hayaƙi, wa zai ɗaga shi, wa zai tsare kusurwa, don ɗagawar na ɗaukar kusan daƙiƙa goma, kuma mai ɗagawa ba ya iya harbi. Duk kalmar da ka kashe a kan faɗa, daga cikin wannan lokacin ka cire ta. Ɓarnar ma ba ta tsaya a nan ba. Wanda aka zaga gaban abokansa, a wasa na gaba zai daina magana. Zai ga mutum a kan tudu ya yi shiru don kada ya faɗa ba daidai ba. Ka rasa ido biyu daga cikin takwas ke nan, kuma kai ka rufe su. Balle a wajenmu da netwok ke iya yin nauyi ana tsakiyar faɗa, mutum ya danna harbi harsashi ya fita a makare. Yaron da ke fama da ƙaramar waya mai zafi da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa bai cancanci a ce masa bai iya komai ba. Gyara yana da lokacinsa: bayan an fito, kafin a danna sabon wasa, abu ɗaya tak, kuma ka fara da shawarar da kai ka yanke kafin ka zo kan harbin wani.

Abin da ke ƙarfafa gwiwa a tawaga ƙanana ne. Ka samu madubin hangen nesa mai ninki takwas ka ajiye wa mai bindigar nesa. Ka bar wa mai shiga gaba sulke mai lamba uku, wanda ya fi ƙarfi. Ka ambaci sunan wanda ya jefa hayaƙin da ya ceci mutum, don allon sakamako masu kisa yake ɗagawa, mai hayaƙi ba ya fitowa a sama. A gasar ƙwararru ma, inda ƙungiyoyi 16 ke shiga fili ɗaya, ana ba da maki a kan matsayin da aka ƙare ban da na kisa, don haka mai tuƙa mota da ya kai ku tsakiyar da'ira lafiya ya ci muku maki kamar mai harbi.

Yanzu juyo Clash, inda nake ganin matsalarka ta fi girma. Ƙungiya na ɗaukar har mutum 50. Ba za ka san halin kowa ba, ba kuma za ka ji muryarsu ba. A nan shugaba kamar uwar adashi yake: ba a tambayar ko tana da fara'a, ana tambayar ko kwasar kowa na zuwa a ranar da aka ce. Mutane ba sa barin ƙungiya don an yi rashin nasara a yaƙi ɗaya. Suna barinta ne ranar da suka lura doka na hawa kan wasu tana tsallake wasu.

Dubi yadda abin ke faruwa. An shiga yaƙin mutum 15, kowa da hari biyu. Mutum goma sha uku sun yi nasu, wani ma ya tashi cikin dare don kada lokaci ya ƙure. Biyu ba su taɓa ba, aka sha kaye da tauraro ɗaya, wato maki ɗaya na hari. Ɗaya daga cikin biyun abokinka ne tun na unguwa. Yaƙi na gaba sai ga sunansa a jeri. Ba wanda zai ce maka uffan, amma sha ukun nan duk sun gani, kuma daga ranar harin dare ya ƙare. Wasan da kansa ya ba kowa maɓallin nuna ko yana son a sa shi a yaƙi ko ba ya so. Saboda haka wanda ya bar nasa a kore sannan ya ƙi kai hari ba shi da hanzari, sai dai uzuri na gaskiya da ya faɗa tun da wuri. Ka rubuta dokar a bayanin ƙungiya da gajerun kalmomi: wanda ya bar hari ba sanarwa zai huta yaƙi ɗaya, in ya maimaita a sallame shi. Ranar da ta faɗa kan na kusa da kai, ka zartar ba tare da dogon jawabi ba. Wannan shi ne tsaurin da nake nufi. Babu zagi a ciki, babu tonon silili a zauren hira.

Wurin da adalcinka zai fi fitowa fili shi ne gasar wata-wata da aka fara a 2018, wadda ake haɗa ƙungiyoyi takwas su yi kwana bakwai suna karawa, kowane ɗan wasa da hari ɗaya a rana. Abu biyu ne a hannunka. Na farko jeri: sau da yawa waɗanda ka yi wa rajista sun fi guraben da ake da su, kuma sai mutum ya tara taurari takwas yake samun cikakken kasonsa na lambobin yabon gasar. Shugaba mai lura yakan duba wanda ya riga ya cika takwas ɗinsa ya hutar da shi rana ɗaya ko biyu, ya sa na benci su ma su samu, musamman ranar da abokan karawa ba su da ƙarfi. Na biyu lambobin ƙari da ake ba shugabanni su raba a ƙarshe. Nan ne ƙungiyoyi da yawa ke fashewa, don shugaba da mataimakansa sukan raba wa junansu wata bayan wata. Ka faɗi ma'aunin rabon tun kafin ranar farko, ko yawan taurari ne, ko cika hari bakwai, ko karɓa-karɓa, sannan ka tsaya a kai. Ni na fi son a haɗa cika hari da karɓa-karɓa, domin in taurari kaɗai aka bi, masu manyan Tawun Hol, wato babban ginin da ke nuna matakin ɗan wasa, su ne za su riƙa kwashewa kullum, ƙananan kuma su gane ba su da rabo komai ƙoƙarinsu.

Kada ka manta da masu ba da gudummawar sojoji. Akwai mutumin da ba ya cin taurari uku sosai amma duk ranar shiri shi ke cika gidajen tsaron kowa. Wasan na nuna adadin abin da kowa ya bayar da abin da ya karɓa, don haka ba sai ka yi zato ba. Irin wannan shi ya cancanci muƙamin dattijo, ba wanda ya shigo jiya yana roƙo ba.

Akwai inda ayyukan biyu suka haɗu, amma kaɗan ne. A duka biyun dole ka san lokutan mutanenka. Kada ka tayar da wasan PUBG saura minti goma a kira Magariba, ka san za a bar ka da gawa uku a tsaye. A Clash kuma lokacin da ka danna neman yaƙi shi ke yanke lokacin da zai ƙare, don haka ka daidaita shi ya ƙare bayan Isha, sa'ad da yawancin mutane suka dawo gida suka samu caji, ba da tsakar rana ba. Da azumi ka sake lissafi gaba ɗaya, don dare ne ke zama rana.

Bambanci na ƙarshe, kuma shi ne wanda na fi so ka yi tunani a kansa, shi ne raba iko. A PUBG murya ɗaya ake so a cikin wasa. Kana iya cewa wane ne mai kiran faɗa, ni ne mai kiran hanya, amma kowane abu da mai shi, kuma in an zo gada ba a yin ƙuri'a. A Clash kuwa in ka riƙe komai kai kaɗai za ka gaji cikin wata biyu. Kana buƙatar mataimaka biyu ko uku: mai tsara wa zai kai wa wane hari, mai lura da sababbin shiga, mai tuna wa mutane saura awa uku. Sai dai ka yi hattara da wannan muƙami, don mataimaki na iya korar dattawa da sauran mambobi, yana iya tayar da yaƙi ba da saninka ba. Kada ka ba wanda bai yi aƙalla gasar wata-wata biyu tare da ku ba, komai daɗin bakinsa.

Tunda ka ce duka biyun na zube maka a lokaci guda, ga abin da zan ce ka yi a makon nan. A tawaga, ka ba wani kiran hanya na dare ɗaya, kai ka bi umarninsa ba gardama, ka ji yadda kalma ke sauka a kunnen mai karɓa. A ƙungiya, ka buɗe tarihin yaƙe-yaƙen baya, ka fitar da sunayen waɗanda suka bar hari, ka tura wa kowannensu saƙo shi kaɗai ka tambaye shi ko yana son hutu ne. Wanda ya amsa ka mayar da shi benci da mutuncinsa, wanda ya yi shiru har aka fara neman yaƙi na gaba ka cire sunansa daga jeri.