Baldur's Gate 2, Dragon Age Origins ko Baldur's Gate 3: wanne ya fi daɗin juya tawaga?

Ɗan uwa ka ce ka gama Skyrim, ka gaji da yawo kai kaɗai da mabiyi ɗaya da ba ya jin magana sai tare maka ƙofa, yanzu kana son gem ɗin da kai ne za ka riƙa juya tawaga gaba ɗaya, kuma waɗannan ukun aka lissafa maka. To gaskiya duk ukun tawaga ake ja, amma yadda hannunka da kanka ke aiki a cikinsu ba ɗaya ba ne ko kusa, kuma wannan ne ya kamata ka duba kafin ka ƙona data.

Baldur's Gate 2 (BG2) na kamfanin BioWare ne, ya fito a 2000, an gina shi kan tsofaffin dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons. Mutum shida kake ja har da kai. Faɗa yana tafiya ne kai tsaye kowa na motsi lokaci ɗaya, sai dai duk sanda ka ga dama ka danna dogon madannin nan na ƙasan kibod komai ya tsaya cak, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ce kai Minsc tare ƙofar can, ke Jaheira warkar da wane, kai maharbi ja baya, sannan ka sake dannawa ka ga abin da umarninka ya haifar. A ƙarƙashi wasan yana lissafi ne da zagaye na daƙiƙa shida shida, kai dai ba ka gani. Daɗin mutum shida shi ne akwai wuri, za ka iya ɗaukar mayaƙa biyu a gaba, ɓarawo mai kwance tarko da buɗe makulli, mai warkarwa, da masu sihiri biyu, ba sai ka bar wani da kake so a gida ba. Wahalarsa kuma ido, wallahi idan faɗa ya kacame sai ka rasa wa ke dukan wa, mai sihirinka ya jefa dunƙulen wuta inda abokan gaba suke tsaye amma kafin ta sauka sun matso, naka mutanen ne a wurin, ta cinye su. Ga faɗan matsafa da sai ka san wane sihiri ke karya wace kariya, in ba haka ba ka yi ta sara ba abin da ke shiga jikinsu. Kuma lissafin sulke a juye yake, ƙaramar lamba ita ce mai kyau, wannan kaɗai ya rikita sababbi da yawa.

Baldur's Gate 3 (BG3) kuwa kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ne ya yi shi, ya fito a Agustan 2023, shi ya ci kyautar gem ɗin shekara a The Game Awards. Suna ɗaya da na farkon amma salon faɗa daban. Mutum huɗu ne kawai, kuma bi da bi ake yi kamar dara, sai ka gama naka wani zai taɓa. Kowa idan layinsa ya zo yana da babban aiki ɗaya, ƙaramin aiki ɗaya, da iya nisan da zai taka, kuma kafin ka kai sara wasan zai nuna maka kashi nawa cikin ɗari ne za ka samu. Nan ne na fi ganin amfaninsa ga sabon shiga, domin duk abin da ya faru ka san dalilinsa, in ka faɗi ka san a wane taku ka yi kuskure. Sannan filin kansa makami ne, ka hau tudu harbinka ya ƙara kyau, ka tura mutum ya faɗa rami, ka zuba maiko ka cinna wuta, ka jiƙa su da ruwa sannan ka sakar musu walƙiya. Tun kafin faɗa ma kana iya raba tawagar, ka ɓoye ɗaya a saman gini ɗaya a bayan ƙofa sannan ka tura na uku ya je ya yi magana. Abin da ke gajiyarwa shi ne idan abokan gaba suka yi yawa, irin sansanin goblin na farkon labari, zama za ka yi kana kallon kowannensu yana taka nasa kafin layi ya dawo kanka, ƙaramin faɗan da a BG2 minti ɗaya ya ishe shi a nan sai ya ja. Kuma huɗu ta yi kaɗan, kullum akwai wanda ka bari a sansani kana jin zafin barinsa.

Dragon Age Origins na 2009, shi ma BioWare, yana tsakiya, kuma ni a raina shi ne ya fi fahimtar me ake nufi da jagorantar mutane. Huɗu ne, faɗa kai tsaye da damar tsayarwa kamar BG2, amma akwai wani shafi da kake rubuta wa kowa ƙa'idojinsa tun kafin a fita: idan jinin wani namu ya sauka ƙasa da rabi, Wynne ta warkar da shi, idan aka taso wa mai sihiri, Alistair ya janyo hankalin maharan kansa, idan maƙiya suka taru wuri ɗaya, Morrigan ta daskarar da su. Daga sama zuwa ƙasa wasan ke karanta jerin, don haka wanda ka sa a farko shi ke gaba, kuma guraben suna ƙaruwa yayin da mutum ke girma. Ranar da ka tsara su da kyau ka ga sun ci faɗa ba ka taɓa kowa ba sai naka mutum ɗaya, daɗin da za ka ji daban ne, don tunaninka ne ke aiki ko da hannunka bai kai ba. Abin ya dame ni da wasannin Dragon Age na baya suka yi ta rage wannan tsari har aka zo The Veilguard na 2024 inda abokan tafiya biyu ne kuma ba ka iya komawa jikinsu ka juya su.

Wani abu da mutane ke mantawa, juya tawaga ba a faɗa kaɗai yake ba. A BG2 idan ka haɗa Keldorn, jarumi mai kirki, da Viconia, wadda ke cikin mugaye, ka daɗe da su za su iya zare makami a kan juna, idan sunanka ya yi kyau da yawa mugayen cikinku su kama gabansu. A Origins da BG3 kowane hukunci ka yanke akwai wanda zai ji daɗi akwai wanda zai ɓata rai, wani har ya bar ka.

Sai maganar na'ura, wadda ita ce ke yanke hukunci ga yawancinmu. BG3 yana neman wajen gigabait 150 da kwamfuta mai katin hoto na kirki, ƙaramar laftof ta ofis ba za ta ja shi ba. Origins tsohuwar laftof ma tana ɗauka. BG2 kuwa sabon gyaran da Beamdog suka fitar a 2013 'yan gigabait kaɗan ne, har a Android akwai shi, duk da juya mutum shida da yatsa a fuskar waya aiki ne.

Tunda daga Skyrim ka fito ni Origins zan ce ka fara da shi, kyamarar tana bin bayanka yadda ka saba, kuma a kwamfuta kana iya ɗaga ta sama ka ga fili duka. In na'urarka na da ƙarfi kuma kana da haƙurin zama ka yi tunani kan kowane taku to BG3. BG2 ka ajiye shi na biyu, kuma ranar da ka shiga ka fara zuwa saiti ka kunna tsayawa da kanta idan an hango maƙiyi, da idan an gama jefa sihiri, da idan wani ya ji mummunan rauni, rabin rikicewar za ta tafi. In kuma ka kasa zaɓa tsakanin salon biyu akwai Pathfinder Wrath of the Righteous na 2021, mutum shida ne kuma da madanni ɗaya kake sauyawa daga kai tsaye zuwa bi da bi ko ana tsakiyar faɗa, sai dai dokokinsa sun fi na duk ukun nan yawa da tsauri.