Gargaɗi kan masu tallan gwangwanin gas ɗin AC na mota a Jidda

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da Makka, musamman direbobi, don Allah ku tura wa na kusa da ku. Akwai wasu da suka shigo guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp suna tallan gwangwanin friyon, wato gas ɗin AC, haɗe da ɗan tiyo da geji, wai da kanka za ka cika mukayyif (AC) ɗin motarka a ƙofar gida ba sai ka je warsha (gareji) ba, wai har yoyo yake toshewa. A bakin titi suke haɗuwa da mutum su ciro daga but, ba shago ba fatura (rasit), washegari ka kira lamba a kashe.

Wani ƙanena a Karantina ya saya saboda araha da wannan zafi da ake fama da shi. Sanyin bai je ko'ina ba kwamfuresa ta fara ƙara, da ya kai Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, aka sa na'ura sai bakanike ya ce a jikin gwangwani ne kawai aka rubuta R134a, sunan gas ɗin AC na gaske, abin da ke ciki gas ɗin girki ne aka gauraya. Gas ɗin girki fa jama'a, a motar da yake kai yara makaranta, kuma bututun yana bi ta bayan dashbod ne, in ya yi yoyo cikin mota zai taru. Wallahi har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Wani jabun ma ya fi wannan muni, mai wani sinadari R40 a ciki yana cin alminiyom, shi ne ya fasa kwantenonin sanyi a Biyetnam da Burazil a 2011 har aka rasa rayuka.

Ko da gas ɗin na gaske ne, AC rufaffe ne, in gas ya ragu to akwai inda yake zuba, sai an gano wajen an gyara, a sa na'ura ta zuƙe iska da danshi, sannan a auna gas da giram yadda sitika ta ƙarƙashin bonet ta nuna. Wancan ɗan gejin ba ya auna giram, in ka cika ya wuce kima kwamfuresa ce za ta tafi. Sababbin motoci ma da yawa wani gas daban mai suna R1234yf suke sha, ba a haɗa shi da R134a.

Wanda ya riga ya zuba, don Allah kada ya kunna AC, ya je warsha ya faɗa musu gaskiyar abin da ya sa kafin su taɓa. Ku ajiye gwangwanin da lambar mai sayarwa, ku kira ma'aikatar kasuwanci a 1900.