Ajin tauhidi na ranar Asabar a Zuru: ribarsa da inda ya gaza

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Zuru, daga wajen Dabai har zuwa Ribah da Mahuta, ba fasto ne yake tsayawa a gaban jama'a kowace Lahadi ba. Mai bishara ne, ko dattijon ikkilisiya, ko malamin makarantar Lahadi, wanda galibi bai taɓa zama a makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Domin irin waɗannan ne wata ikkilisiya a cikin garin Zuru take gudanar da ajin tauhidi kowace Asabar, a bisa tsarin da aka sani da TEE, wato karatun tauhidi ba tare da mutum ya bar gidansa da gonarsa ba. An fara wannan tsari a ƙasar Gwatamala a 1963, kuma ƙafafunsa uku ne: karatu a gida da littafin darasi, haɗuwa da malami sau ɗaya a mako, da aikata abin da aka koya a ikkilisiyar da ɗalibi ya fito. Na yi zangon da aka karanta wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus, a kansa kuma zan yi magana.

Ribar ajin tana ga malamin, wani fasto mai ritaya wanda ba ya yin wa'azi a aji. Idan ɗalibi ya ba da amsa, tambayar da take biyo baya ita ce a wace aya ya samo ta, kuma ba a wucewa sai an buɗe wurin an karanta abin da ke gabansa da na bayansa. Wani ɗan'uwa ya kawo koyarwar da ya ji a wayarsa, cewa wanda ya ba da baiko mai yawa ba zai ga talauci ba. Baba Fasto bai tsawata masa ba, sai ya sa shi ya karanta sura ta 6 ta 1 Timoti da ƙarfi, inda Bulus ya yi kashedi a kan masu mai da ibada hanyar samun riba, ya kuma ce son kuɗi tushen kowace irin mugunta ne. Ɗan'uwan da kansa ya janye maganarsa. A wannan zamani da wa'azin WhatsApp yake isa ƙauye kafin fasto ya isa, wannan horo ya fi kuɗin da ake biya nesa ba kusa ba.

Abu na biyu da ya burge ni shi ne ana sa kowane ɗalibi ya koyar da darasi a gaban 'yan'uwansa, a gyara masa nan take, sa'an nan a tambaye shi sunan wanda yake koya wa a gida. Malamin ya kafa wannan a kan 2 Timoti 2:2, inda ake ganin hawa huɗu: Bulus, Timoti, amintattun mutane, da waɗanda su kuma za su koya wa. Wanda bai da ɗalibi ko ɗaya ba a ɗauka ya gama zangon ba.

Amma a kan wannan aya ce ajin ya gaza. Bulus ya ce a danƙa koyarwar ga amintattu, ya kuma jera halayensu a 1 Timoti 3 da Titus 1: mai kamun kai, marar shaye-shaye, marar kwaɗayi, mai riƙe gidansa da kyau. A nan kuwa duk wanda ya biya kuɗin littafi ya zama ɗalibi, ba a neman shaidar dattawan ikkilisiyarsa, kuma a fili yake cewa waɗansu takardar shaida kawai suke bi domin a ba su muƙami. Wasiƙa daga majalisar dattawa ba za ta ci kowa ko kwabo ba. Mata ma kaɗan ne ƙwarai, alhali kuwa zumuntar mata ce take riƙe da yawancin koyarwar yara, kuma bangaskiyar Timoti kansa ta fara ne daga kakarsa da mahaifiyarsa Afiniki.

Littattafan darasin sun tsufa, bugun ya dushe, Hausarsu tana da nauyi ga wanda C'Lela ne harshensa na gida, ayoyin da aka kawo a ciki kuma ba kullum suke dacewa da juyin Littafi Mai Tsarki da ke hannun ɗalibai ba, tun da akwai mai riƙe da tsohon juyi na 1932, akwai mai sabo.

Sai batun lokaci. Da damina ta kankama aji yakan ragu, masu zuwa daga yankin Danko da Wasagu kuma matsalar tsaro takan hana su fitowa, ba a kuwa tanadi hanyar rama darasin da ya wuce su ba. Ga mai bishara ko malamin ajin baftisma da ke kusa da gari, ina ba da shawarar ya shiga zangon rani, ya zo da Littafi Mai Tsarki nasa, ya kuma sanar da dattawansa tun kafin ya rubuta sunansa, ko da masu ajin ba su nema ba.